Ɗan koyo ne ni a zane, ya dace in riƙa saka aikina a tsakiyar ƙwararru?

Sabon_Hannu ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a, dan Allah shawara nake nema gun waɗanda suka riga ni a harkar zane. Shekara ɗaya da 'yan watanni kenan da na fara zane da fensir, ba makarantarsa na yi ba, bidiyo nake kallo a YouTube sai in kwaikwaya da daddare in na taso daga aiki. Wata uku da suka wuce wani abokina ya saka ni a wani guruf na masu zane, a ciki akwai waɗanda da zanen suke ci suke sha, masu yi wa littattafan yara hotuna, masu zanen kwamfuta, har da wata baiwar Allah mai fentin mai wanda in ka ga aikinta sai ka ɗauka da kyamara aka ɗauko shi.

To ni tunda na shiga sau ɗaya tak na taɓa saka aikina, fuskar wani dattijo ce da na yi kwana huɗu a kanta, aka yi ta min masha Allah da alamar tafi, mutum ɗaya ne kawai ya ce idon hagu ya ɗan hau sama, daga nan bai ƙara komai ba. Na ji daɗin yabon gaskiya amma ban ƙaru da komai ba, don ni kaina na san akwai abin da bai zauna ba a fuskar nan, na dai kasa gane ko mene ne, kuma kunya ta hana ni bin manyan ta inbos in tambaye su.

Tambayata ita ce, wai ƙwararrun nan ba sa jin mun cika musu waje da kwaramniyarmu? Ya ake neman gyara ba tare da mutum ya zame wa mutane kaya ba? Sannan ɗan koyo irina me zai iya yi musu shi ma, don ba na son a ce kullum ni ne mai miƙa hannu. Na gode.

Mai_Tawada ya amsa:

Wa alaikumussalam ƙanina. Shekarata goma sha ɗaya ina cin abinci da zane, bari in faɗa maka abin da ke faruwa ta ɓangarenmu don ka daina zargin kanka. Ba ka dame mu ba ko kaɗan. Abin da ke sa mu yi masha Allah mu wuce shi ne ba mu san me mutum yake so ba, wani gyara yake nema, wani kuma so yake kawai a taya shi murna ya gama aiki, in ka kuskura ka yi wa na biyun nan gyara sai ya yi fushi ya fice, to da an ƙone ka sau biyu sau uku sai ka koyi kama bakinka. Kai ne za ka buɗe mana ƙofa. Kar ka rubuta "ya kuka gani", wannan tambayar ba ta da amsa sai yabo. Ka ce ga hoton da na kalla, ga abin da na zana, da fensir HB da 4B na yi (lambobin da ke nuna taurin fensir da baƙinsa kenan), ina jin hancin ne ko inuwar kumatu ke ɓata min aiki, a duba min nan. Wallahi in na ga irin wannan ko ina tsakiyar aikin kwastoma sai na tsaya, saboda minti biyar ya ishe ni kuma na san maganata ba za ta faɗi ƙasa banza ba.

Ban ga dattijon naka ba amma kusan zan iya cewa matsalar ba idon hagu ba ce ita kaɗai. Sababbin hannu kusan duka suna kai idanu can sama kusa da goshi, alhali in ka auna kan babban mutum daga tsakar ka zuwa haɓa idanu a tsakiya suke, kuma tazarar da ke tsakanin ido da ido kusan faɗin ido ɗaya ce. Abu na biyu, kwana huɗun da ka yi ina kyautata zaton a kan gemu da tamojin fuska ka ƙarar da su tun kafin ƙashin ginin ya tsaya, ka yi ado a kan bangon da ya karkace kenan. Ka ɗauki zanen ka nuna wa madubi, ko ka ɗauke shi a waya ka juya hoton hagu ya koma dama, nan take za ka ga karkacewar da idonka ya saba da ita har ya daina gani. Mu ma kullum haka muke yi, a manhajojin zane irin su Krita da ibisPaint duk akwai maɓallin juya zane, ni ba na awa ɗaya a kan aiki ban danna shi ba. Sai kuma ka runtse ido kaɗan ka kalli zanen daga nesa, in komai ya haɗe ya zama toka-toka to tsoron baƙi kake ji, ka samo fensir 6B mai baƙi sosai ka danna inda ya kamata ya yi duhu sosai, kamar ƙofofin hanci da ƙarƙashin haɓa.

Akwai abin da muke yi wa junanmu wanda ya fi dogon bayani amfani, mutum ya ɗauki zanenka ya buɗe sabon shafi a samansa ya bi da jan layi yana nuna maka inda ƙashin ya kamata ya bi. Amma ba a yi wa mutum wannan sai da izininsa, shi ya sa in kana so ka rubuta ƙarara cewa ka yarda a yi zane a kan aikinka.

Sai babbar maganar, in an yi maka gyara ka dawo da aikin da ka gyara. Ko bayan sati biyu ne. Cikin waɗanda na taɓa yi wa bayani kaɗan ne ƙwarai suka dawo, kuma su ɗin ne har yau nake bibiya, ɗaya daga cikinsu ma yanzu in aiki ya yi min yawa ita nake tura wa kwastoma.

Yar_Gawayi ta amsa:

Yaya Mai_Tawada na yarda da kusan duk abin da ka ce amma a yi adalci, ba kullum laifin ɗan koyo ba ne. Ni da gawayi nake zane, shekara biyu kenan, kuma a wani guruf da na fara shiga na yi duk yadda ka faɗa, na nuna inda nake so a duba min, sai wani babba a wurin ya ce in bar ɓata takarda in koma in koyi zana da'ira tukunna, a gaban kowa, wasu suna saka alamar dariya. Wata huɗu na yi ban taɓa gawayi ba. Ƙila ma gaskiya ya faɗa a kan da'irar amma ai gyara daban wulaƙanci daban, mai gyara yana nuna maka abin da za ka yi gobe da safe, wancan kuwa so yake kawai a san ya fi ka.

Abin da ya dawo da ni wata ƙwararriya ce da ta saka zanenta na shekarun baya kusa da na yanzu, na ga ashe ita ma hannayen da take zanawa a da a sandare suke kamar nawa. Shi ya sa nake roƙon manya, ku riƙa nuna mana daftarin farko da aikin da ya lalace, ba gamamme kawai ba, don mu in muka ga gamamme sai mu ɗauka da shi aka haife ku.

Ɗan'uwa Sabon_Hannu shawarata kar ka dogara da manya kaɗai, ka nemi mutum biyu ko uku sa'anninka a zanen ku riƙa ba juna aiki. Mu huɗu ne muke yi, duk sati mu zaɓi abu ɗaya kamar hannu ko ninkin tufafi kowa ya zana, mukan kuma saka agogo mu zana tsayuwar mutum cikin minti biyu-biyu don hannu ya saki. In Oktoba ta zo mu shiga Inktober, wanda wani mai zane Jake Parker ya fara a 2009, zane ɗaya da tawada kowace rana har kwana 31, a nan za ka ga gwani da ɗan koyo duk kalma ɗaya aka ba su su yi zane a kanta kowa yana fama da ita, bara kwana 19 na samu na yi kuma na ga canji a layina sosai.

Dattijon_Buroshi ya amsa:

'Yata Yar_Gawayi Allah ya ba ki haƙuri, wanda ya yi miki haka bai san darajar sana'ar ba. Ni na koyar da zane shekaru masu yawa kafin in ajiye aiki, tambayar yaron nan ta ƙarshe ce ta sa na tsaya, wato me ɗan koyo zai bayar.

Katangar da kuke gani tsakanin gwani da ɗan koyo ba ta kai tsayin da kuke zato ba. Shahararren mai zanen nan Van Gogh sai da ya kai shekara 27 sannan ya yanke shawarar zama mai zane, a 1880, kuma wani ƙwararren mai fenti ne dangin nasu ta wajen aure, Anton Mauve, ya zaunar da shi a birnin Hague ya nuna masa yadda ake riƙe fentin ruwa da na mai, ƙaninsa Theo kuma yana aiko masa da kuɗin kayan aiki. Henri Rousseau ma'aikacin karɓar haraji ne a Faris, ba wanda ya koya masa, an daɗe ana yi wa zanensa dariya, amma a 1908 shahararren mai zane Picasso ya shirya masa liyafa a ɗakin aikinsa. Wato tun kafin intanet haka abin yake tafiya, yanzu dai nisa ne ya ragu.

Me za ka ba su? Na farko idonka. Wanda ya shekara ashirin yana zane ba ya iya ganin aikinsa kamar yadda mai saye zai gan shi, in ka ce masa ni fa idona nan ya fara sauka kafin fuskar, ko ban gane abin da yaron da ke cikin zanen ke riƙe da shi ba, ka ba shi abin da abokansa gwanaye ba za su iya ba shi ba. Na biyu tambayarka, sau da yawa sai ɗalibi ya tambaye ni dalilin abu sannan nake gane ashe sabo ne kawai ba ilimi ba, sai in koma in bincika.

Na uku kuma wanda ya fi ci min rai, ku kare musu abincinsu. In za ka yaɗa aikin wani ka saka sunansa, kar ka yanke sa hannunsa daga hoton, in ka ga an sace zanensa ana bugawa a riguna ka sanar da shi. In ka kwaikwayi aikin wani don koyo ba laifi, haka kowa ya koya, amma ka faɗa cewa na wane ne kuma kar ka sayar. Ranar da ka fara samun kwastoma kar ka karya farashi don kana ganin kai ƙarami ne, ka tambayi manya yadda ake lissafin awannin aiki da kayan da aka kashe, da yadda ake karɓar kafin alƙalami, da ƙayyade sau nawa za a yi gyara kafin a ƙara kuɗi, domin in ka yi aiki a banza ba kanka kaɗai ka cuta ba. Ku tuna Disambar 2022 da masu zane suka cika ArtStation, shafin intanet da masu zane ke baje aikinsu, da alamar ƙin hotunan AI, wato waɗanda na'ura ke ƙirƙira, saboda an kwashi aikinsu an horar da na'ura ba da izininsu ba, ba manya kaɗai suka yi wannan ba, da 'yan koyo aka cika shafin.

Sabon_Hannu ya sake rubutawa:

Kai jama'a Allah ya saka da alheri, ban zaci zan samu amsa haka ba. Yaya Mai_Tawada yanzun nan na tashi na kai zanen gaban madubi, wallahi gaba ɗaya fuskar ta zame gefe guda kuma idanun suna sama kamar yadda ka faɗa, na sa rula na auna, goshin ya yi gajarta sosai. Zan sake shi daga farko, wannan karon ba zan taɓa gemun ba sai na tabbatar kan ya tsaya, in na gama zan saka tsohon da sabon tare kuma na yarda a bi min da jan layi.

Baba Dattijon_Buroshi maganar saka suna ta taɓa ni don akwai zanuka biyu na mutane da na taɓa ɗorawa a shafina ba suna, yau zan koma in gyara. Anti Yar_Gawayi in akwai gurbin mutum na biyar a cikinku dan Allah a saka ni, hannu ne abin da na fi gudu, duk wanda na zana sai in cusa masa hannayen a aljihu ko in ɓoye su a baya, ina son in fara da shi a satin nan.