"Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe": ja ne ya fi zafi ko fari?

Ɗan Kurna: Jama'a, masu sharhin ƙwallon Ingila kan ce ɗan wasa "red-hot" ne, wato ya yi ja don zafi, in yana zura ƙwallo ba ƙaƙƙautawa, amma in fushi ya kai maƙura sai su ce "white-hot", wato ya yi fari don zafi. Wanne ya fi tsanani? Kuma suna da alaƙa da karin maganar nan tamu?

Maman Ilham: Ja mana. Ko mu in ran mutum ya ɓaci cewa muke idonsa ya yi ja wur.

Jikan Maƙera: Hajiya, sai kin leƙo maƙera. In aka tura ƙarfe cikin gawayi, ja mai duhu yake fara yi, wajen digiri 600 a ma'aunin Salshiyas. Yaro ya ci gaba da zuga, ya koma ruwan lemo, ya koma ruwan ɗorawa, in ya kai wajen 1300 sai ya yi fari fat yana tartsatsi. Daga nan Turawa suka ɗauko kalmomin, don haka farin ya fi. Shi "red-hot" tun ƙarni na 14 yake bakinsu, har ya yi laushi: sabon labari ko hajar da ake rububi ma da shi suke kiranta.

Malam Na'ibi: To ashe karin maganar cewa take a jira har zafi ya kai ƙarshe?

Jikan Maƙera: A'a Malam. Ƙarfen da ya fara tartsatsi ƙonewa yake. Mai ƙera fartanya ba ya jiran wannan. Launi yake kallo, ya ciro da awartaki, ya ɗora kan uwar maƙera ya hau duka kafin ya dusashe. In ya dake shi a huce, tsagewa yake yi.

Ɗan Kurna: Ni fa ina zargin daga Turanci muka aro ta, don su ma suna da irinta sak.

Bamaraɗe: Faransawa ma suna da ita, a makaranta muka karanta. Duk inda ake ƙira dole a gano haka, ba sai an yi aro ba.

Maman Ilham: Na yarda da batun fari. Amma don Allah a daina jawo ta cikin maganar aure. Yaro ya zo zance sau biyu, sai kawunai su ce da zafi-zafi akan bugi ƙarfe, a sa rana ko asalinsa ba a bincika ba.

Malam Na'ibi: Wannan kuma Hajiya laifin kawunan ne.