Masu keto, wa ya auna jini bayan ya fara, me kuka gani?

Daga Ringim:
Salamu alaikum 'yan'uwa. Tun bayan babbar sallah na fara keto, wato na bar tuwo da shinkafa da fura, sai ƙwai da nama da man shanu, ƙiba ta ragu sosai har rigunana sun min yawa, gwiwa ma ta daina damuna. To na je Dutse aka ɗebi jinina sai ga LDL, kolestarol ɗin nan da ake cewa mara kyau, ya haura 190 alhali da bai kai 130 ba, ga wani CRP da suka ce na kumburin cikin jiki ne shi ma ya hau. Wallahi hankalina a tashe yake. Dan Allah wanda ya taɓa gani ya faɗa mana.

Daga Dambatta:
Yaya ki tuna ko kin yi ciwo dab da awon. Ni nawa CRP ɗin wuce 10 ya yi, ashe zazzaɓin cizon sauro ne bai gama sakina ba, likita ya ce in ya kai haka yawanci wata cuta ce a jiki, maleriya ko ciwon haƙori ko sanyi, in dawo bayan sati biyu. Da na koma ya sauko ƙasa da 3.

Daga Kazaure:
Hajiya ni irin naki ne sak. Suga ya sauka, triglyceride, wani kitsen cikin jini, ya sauka, HDL, kolestarol mai kyau, ya hau, amma LDL ya tashi. Man shanu ne nawa, maiɗakina ke sayowa wajen Fulani ranar kasuwa ta soya shi da albasa, ni kuma ba a cokali nake zubawa ba, a ludayi, da daddare ga tsire mai kitse da tozo. Abin da aka nuna min shi ne ki duba man da ke daskarewa a kwalba da hunturu, man shanu, kitse, manja, man kwakwa, su ne ke ɗaga LDL. Sai na koma man gyaɗa da na riɗi, kifi, miyar kuka da kuɓewa, kwaɗon zogale da ƙuli. Ban koma tuwo ba kuma ya sauka.

Daga Gwaram:
Alhaji ni kam na canza mai amma bai motsa ba sai da na dawo da wake da ɗan tuwon gero da rana. Kuma mu a gida ne, mahaifinmu shanyewar ɓarin jiki ce ajalinsa Allah ya jiƙansa, shi ya sa da aka rubuta min statin, maganin rage kolestarol, ban yi gardama ba.

Ma'aikacin lafiya, Birnin Kudu:
Allah ya jiƙan Baba. Hajiya kar ki saurari masu cewa a intanet wai LDL ba komai ba ne in kana keto, 190 ba abin wasa ba ne, ƙasa da 100 ake so. In takardarki da ma'aunin mmol aka rubuta, 190 shi ne wajen 4.9. Gaskiya ne mai ramewa da sauri kolestarol ɗinsa kan tashi na ɗan lokaci, kuma sirara sun fi ganin ya yi sama a keto, amma sai an sake awo za a bambance. Ki je da safe ba ki ci komai ba awa 9 zuwa 12, ki ce a haɗa da na thyroid, wani sashen jiki da ke gaban wuya, don in ya yi rauni shi ma yana ɗagawa. Masu shan maganin suga kuma dan Allah kar ku yanke tuwo ba da sanin likita ba, suga kan faɗi warwas.

Daga Ringim:
Na gode Allah ya saka. Malama ta Dambatta kin tuna min, satin nan dasashina a kumbure yake. Zan fara zuwa a duba haƙorin, man shanun kuma na ajiye shi tukun, in na sake awo zan turo muku sakamakon in sha Allah.