Dokar MISRA ta hana malloc, ni kuma aikina ya cije

Assalamu alaikum, manyanmu masu rubuta wa ƙananan na'urori manhaja. Ina neman agajinku.

A nan Sakkwato nake haɗa wata 'yar na'ura mai gadin firjin allurar rigakafi mai aiki da sola. Zafi na haura digiri 8, sai ta yi ƙara, ta tura saƙo wayar mai kula. Kun san Afrilun garin nan, sakacin yini ɗaya ya isa allurai su tashi aiki.

Mai aikin ya ce lallai manhajar ta bi MISRA C:2012, wato kundin dokokin rubuta manhaja mai aminci da yaren C. Da na duba ta da cppcheck, mai binciko kurakuran manhaja, sai ya kafe a doka ta 21.3, wadda ta hana malloc da free, masu aron wuri a ƙwaƙwalwar na'ura da mayar da shi yayin da take aiki. Ni ko sau ɗaya ban kira su ba, cJSON ne ke kiran su, wani shiryayyen kayan manhaja da nake tsara saƙon da shi. Da farko na ɗauka tsirfar masu ƙa'ida ce. Sai da na'urar ta kwana 9 lafiya lau, ran na goma na iske fitilarta a kunne, ita kuwa ta sandare, ko ƙara babu. Ina zargin ma'ajiyar da malloc ke aron wuri a cikinta ce ta daddatse har wuri ya ƙare.

To yanzu, in ba cJSON ƙayyadajjen wuri ta cJSON_InitHooks, hanyar da ake musanya masa malloc da free, in rubuta takardar uzurin kauce wa dokar? Ko umarni na 4.12 na MISRA, wanda ya hana duk irin wannan aron wuri, zai sake kama ni? In kuma na ce da hannu zan haɗa saƙon, snprintf ma, da ake harhaɗa rubutu da shi, doka ta 21.6 ta hana shi. Don Allah wanda ya taɓa fita wannan ramin, yaya ya yi?