Shin shirin BBC na 2004 ya ɓata Thornton ne?

Malam Sani: Jama'a, magana ɗaya zan ajiye a tattauna. Shirin North and South da BBC ta haska kashi huɗu a ƙarshen 2004 ya yi kyau, amma ya zalunci John Thornton, mai masaƙar auduga a labarin, tun daga kashi na farko. A littafin Elizabeth Gaskell na 1855 da aka ɗauko shirin daga cikinsa, tauraruwar labarin Margaret Hale ta fara ganinsa ne a ɗakin wani otal a Milton, garin masaƙun da ke cikin labarin, ya zo neman mahaifinta. Ita gajiya ce ta kama ta, shi kuma ya ɗauka girman kai ne. Saɓaninsu daga nan ya tsiro. A shirin kuwa sai ga shi yana jibgar ma'aikaci a cikin masaƙa don ya kama shi da taba. Mutumin da littafi ya gina a kan kame kai, an mai da shi mai saurin hannu.

Hajiya Binta: Malam, ka duba aikin da ke gaban Sandy Welch da ta rubuta shirin. Babi 52 za ta matse cikin awa huɗu. A littafi, ƙyamar da Margaret ke yi wa 'yan kasuwa tana cikin kanta ne, marubuciya na faɗa mana. Kyamara ba ta ɗaukar tunani. In aka bar haɗuwar otal yadda take, mai kallo zai ga budurwa tana ɗaga wa bawan Allah hanci babu dalili, ya tsane ta a minti goma na farko. Dole a ba ta hujjar da ido zai gani.

Rabi'u: Kuma hujjar ba ta fita daga tarihi ba. Ƙurar auduga na yawo a iska, daɓen katako ya sha man inji, ga fitilun gas. Tartsatsi ɗaya ya isa ya cinye gini da mutanen ciki. Fushin kam akwai dalilinsa.

Malam Sani: Ban musa haɗarin wuta ba, Rabi'u. Amma Thornton majistare ne. Kora ita ce hukuncinsa, ba naushi da shuri ba. Ga kuma ɓarnar da abin ya yi a gaba: ranar tarzomar yajin aiki, da ya shigo da 'yan Ailan su maye gurbin ma'aikatansa, Margaret ta tunzura shi ya fita ya fuskanci taron, sannan ta tare shi da jikinta har dutse ya same ta a kai. A littafi nauyin wurin shi ne mun san bai taɓa ɗaga wa kowa hannu ba. A shirin an riga an rage wannan.

Zainab: Ni dukan bai dame ni kamar ƙarshen ba. Ku tuna abin da ya zubar wa Margaret mutunci: an gan ta da yamma a tashar Outwood da wani namiji, wanda wanta ne Frederick da ake nema kan boren jirgin ruwan soja. Leonards, wanda ya gane Frederick ya nemi kama shi, ya faɗi, daga baya ya mutu, ta yi wa sufeton 'yan sanda ƙarya, Thornton ya hana a zauna binciken mutuwar. Kusan rabin labarin a kan wannan ya rataya. Sai shirin ya rufe da sumba a bainar jama'a a tashar jirgin ƙasa, shi wuyan rigarsa a buɗe, ita ta bar Henry Lennox, lauyan da ke neman aurenta, ta hau jirgi da wanda ba a ɗaura musu aure ba. To ina dokar da ta wahalar da ita kashi biyu cur?

Hajiya Binta: Ƙanwata, nan kin kama ni. Amma ƙarshen littafin ma ba a natse aka yi shi ba. An fara buga shi ne mako-mako a mujallar Household Words ta Charles Dickens, daga Satumba 1854 zuwa Janairu 1855, fitowa 22, kuma Gaskell ta koka da yadda aka matse ta a ƙarshe. Shi ya sa ta ƙara babuka da za a fitar da shi littafi. Duk da haka sulhun Margaret da Thornton 'yan shafuka ne a wani ɗaki a titin Harley na Landan.

Zainab: 'Yan shafukan nan sun fi tashar aiki, Hajiya. Margaret ta zo da lissafi, tana da fam 18,057 a banki, ribarsa biyu da rabi cikin ɗari kacal, Thornton ya karɓa ya ci gaba da juya masaƙarsa ta Marlborough. Muryarta na rawa tana neman takardu, shi kuma ya zaro busassun furannin Helstone, ƙauyen da ta baro, daga aljihu. Soyayyar ta shigo ta ƙofar ciniki, wato abin da ta raina da farko.

Rabi'u: Shirin bai jefar da cinikin ba, a kan bencin tashar ta yi masa bayaninsa, furen ma yana nan. Ni abin da nake ganin ya fi littafin shi ne cikin masaƙa. An ɗauki wasu wuraren a Queen Street Mill da ke Burnley, inda injinan saƙa na asali suke. In ka ga audugar na tashi, ba sai an yi maka bayanin tarin Bessy Higgins, ma'aikaciyar masaƙar da ƙura ta lalata wa huhu, ba. Abin da ya yi sauri a kai shi ne maganar babbar fankar da ke fitar da ƙura: a littafi Bessy ta ce kuɗinta fam ɗari biyar ko shida, kuma wasu ma'aikatan ba sa so, don ƙurar da suke haɗiya na rage musu yunwa.

Malam Sani: Masaƙa na ba ka, Richard Armitage da ya fito a Thornton ma na ba Hajiya, ya iya nuna mutumin da ke danne zuciya. Shi ya sa dukan ya fi ba ni haushi, ɗan wasan da zai iya yi da ido kawai aka sa shi yi da ƙafa. Wa yake da shirin BBC na 1975, wanda Patrick Stewart ya fito a Thornton? A duba mana yadda suka yi haɗuwar farko.