Kilomita 1,000 a caji ɗaya: sabuwar Tesla Roadster za ta iya kuwa?

Ɗan Auta: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Jiya ni da Oga Bakanike muka fara wata gardama a gareji, magariba ta raba mu ba mu ƙarasa ba, shi ne na ce bari in kawo ta gaban manya. Maganar sabuwar Tesla Roadster ce, motar lantarki wadda Elon Musk, shugaban kamfanin Tesla, ya nuna wa duniya a Nuwamba 2017 a Kalifoniya, daren da ta fito jawur daga cikin bayan tirelar Semi, babbar motar ɗaukar kaya ta kamfanin. Abin da kamfanin ya faɗa shi ne: mil 620 a caji ɗaya, kilomita 1,000 ke nan, kusan Kano zuwa Legas. Daga tsaye zuwa gudun mil 60 a awa cikin sakan 1.9. Maleji ya haura kilomita 400 a awa. Batir kuma mai kilowat-awa 200, wato ma'aunin yawan wutar da yake riƙewa. Ni na ce in ta fito za ta cika duka. Oga ya ce a'a.

Oga Bakanike: Wa alaikumus salam. Auta ka faɗi maganata yadda na yi ta. Ban ce motar ba za ta yi gudu ba, ban ce ba za ta yi nisa ba. Cewa na yi taura biyu ba ta taunuwa. Shekara ashirin da ɗoriya ina kwance ƙarƙashin mota, na san abin da nauyi yake yi wa ƙafa da birki da taya. Batirin inbata ɗaya na gida, mutum biyu ke kama shi su ɗaga suna nishi. To ina za a cusa wutar da za ta kai Legas a cikin 'yar motar da rufinta bai wuce ƙirjina ba?

Alhaji Dillali: Kafin ku shiga lissafi, ni ta fuskar ciniki zan fara. An sa mata kuɗi dala 200,000, mai so ya ajiye kafin alƙalami dala 50,000. Guda 1,000 na farko kuwa, waɗanda suka kira Founders Series, dala 250,000 ake biya gaba ɗaya tun ba a ƙera ba. Aka ce wa mutane 2020 za su karɓi makulli. Daga 2017 har 2025 ta ƙare ba a miƙa wa ko mutum ɗaya ba. A sana'armu wannan shi ne cinikin biri a sama. Ni abin yana damuna ne saboda amana ce, kuɗin mutane ne.

Ɗan Auta: Haka ne Baba Alhaji, jinkirin ba ni da ta cewa a kansa. Amma kamfanin nan yana makara, ba ya fasawa. Semi an ce 2019, ta zo a Disamba 2022, PepsiCo suka karɓa. Roadster ta farko ma a 2008 ai dariya aka yi musu, mota kan ƙirar Lotus Elise da batir ɗin da bai wuce kilowat-awa 53 ba, amma ta yi mil 244. Yau ga Model Y ta zama motar da aka fi saya a duniya a 2023.

Injiniya: Auta, "ba ya fasawa" ɗin nan ka janye shi. Model S Plaid+ an yi mata alƙawarin mil 520, aka karɓi oda, a Yuni 2021 aka soke ta. Cybertruck a 2019 an ce mai tsadar za ta haura mil 500. Da ta fito a ƙarshen 2023, wadda ta fi nisa wajen mil 340 take yi. Sau biyu ke nan, kuma duka a kan wannan batu na nisan tafiya.

Amma in yi maka adalci, lissafin kilomita 1,000 ɗin a takarda ba ƙarya ba ne. Raba 200 a kan 1,000, ka ga motar tana da damar shan kilowat-awa 20 a kowane kilomita 100. Motocin lantarki da yawa a yau ba sa shan haka. Ashe in dai batirin ya shiga, nisan zai samu. Rigimar tana wajen shigar. Batir mai kilowat-awa 100 yakan kai rabin tan, ka ninka ka ga inda muka nufa. Akwai motar da take ɗauke da irin wannan a kan titi yanzu, GMC Hummer EV. Batirinta kaɗai kusan kilo 1,300 ne, nauyin ƙaramar mota sukutum, ita kanta motar ta haura tan huɗu. Wannan shi ne abin da Oga yake gani da idon gareji.

Oga Bakanike: Yauwa Injiniya, Allah Ya biya. Abin da na kasa faɗa da boko ke nan.

Injiniya: Akwai kuma wani abu da ba a cika faɗa ba. Ƙwayoyin batir ba iri ɗaya ba ne. Akwai wanda aka yi don ya riƙe wuta da yawa ya riƙa sakinta a hankali, akwai wanda aka yi don ya zazzage ta lokaci ɗaya. Kamar randa da bokiti ne. Motar nisa tana son na farko, motar tsere tana son na biyu. Duba Rimac Nevera ta ƙasar Kuroshiya: injin lantarki huɗu, ɗaya a kowace taya, ƙarfin doki 1,914, ta yi mil 60 cikin sakan 1.74, ta taɓa kilomita 412 a awa. Gudun da aka yi wa Roadster alƙawari ita ta riga ta yi shi. Amma batirinta kilowat-awa 120 ne, nisanta bai kai kilomita 500 ba, nauyinta ya haura tan biyu, kuɗinta wajen yuro miliyan biyu. Kusan ninki goma na farashin da Baba Alhaji ya ambata.

Yaya na Jidda: Salamu alaikum, yanzu na taso daga aiki na tarar da zancen ya yi nisa. Ni zan ɗan kama wa Auta, don kar a yi masa taron dangi. Kilomita 1,000 ba tatsuniya ba ce yanzu. Mercedes sun tuƙa Vision EQXX daga Jamus zuwa gaɓar tekun Faransa a Afrilu 2022, kilomita 1,008, da batirin da bai cika kilowat-awa 100 ba. A 2024 suka sake yi daga Riyad zuwa Dubai, kilomita 1,010, a cikin zafin nan namu. Shugaban kamfanin NIO na Sin ma da kansa ya tuƙa ET7 kilomita 1,044 a Disamba 2023. Ga Lucid Air, wadda asusun zuba jarin Saudiyya ke da mafi yawan hannun jarin kamfaninta, har masana'antar haɗa ta suka buɗe nan kusa da mu a birnin tattalin arziki na Sarki Abdullah a 2023. Hukumar EPA mai kula da muhalli ta Amurka ta ba wa samfurinta na farko mil 520. Wannan ana sayar da ita, ina ganinta a titi.

Ɗan Auta: Na gode Yaya! Kun ji ko?

Anti Malama: Tsaya Auta, kar ka yi murna tukuna, hujjar Yayanka ta fi taimakon Oga. Ka san yadda EQXX ta yi wannan tafiyar? An sassaƙe jikinta kamar ɗigon ruwa don iska ta zame, an sa mata siraran tayoyi, ƙarfinta bai kai doki 250 ba, an kuma ɗaure gudunta a kilomita 140. Matsakaicin gudun da ta yi a tafiyar farko bai kai 90 ba. Duk abin da ya ba ta nisa, kishiyarsa motar tsere take buƙata: faffaɗar taya mai danƙo, ramukan shan iska don sanyaya batir, fiffiken da zai danne ta a ƙasa. Kowanne ɗaya a cikinsu wuta yake ci.

Ga abin da nake koya wa 'yan ajina. Ka fitar da tafin hannunka ta taga mota tana 60, sannan ka sake fitarwa tana 120. Gudu ya ninka biyu, amma turin iskar ya ninka huɗu, ƙarfin da inji zai kashe don ya keta ta kuma ya ninka takwas. Bugatti Veyron sai da ta nemi doki 1,001, wajen kilowat 736, kafin ta kai 407. In Roadster tana buƙatar kwatankwacin haka, batir mai 200 ba zai kai minti 20 ba a ƙure. Kilomita ɗari da 'yan kai ke nan, ko Zariya ba ka isa ba daga Kano. Lambobin nan biyu an rubuta su a allo ɗaya, amma ba a tafiya ɗaya za ka same su ba.

Yaya na Jidda: Wannan kam na shaida Anti. Na taɓa raka maigidana Madina a wata motar lantarki. Mun bar Jidda allo yana nuna wuta ta ishe mu har da saura. Rana ta take, AC a ƙure, hanya miƙaƙƙiya, direba ya ajiye ƙafa a 120. Ina zaune ina kallon lambar nan tana zubewa fiye da tafiyar da muke yi. Kafin mu yi rabi direba ya sauko 95, ya rage sanyin, kowa ya yi tsit a motar har muka samu wurin caji. Tun ranar na daina ɗaukar lambar talla a matsayin lambar hanya.

Alhaji Dillali: Gani ya kori ji.

Injiniya: Kuma a riƙa tambaya da wane mudu aka auna. EPA ta Amurka ta fi tsauri, WLTP ta Turai ta fi ta sassauci, CLTC ta Sin ta fi su duka kyauta. Mota ɗaya sai ta ba ka lamba uku. Haka sakan 1.9 ɗin, a Amurka al'adar mujallun mota ce ba sa fara ƙirga sai mota ta gangara ƙafa ɗaya. Model S Plaid da aka ce 1.99, da wannan ragin aka samu.

Ɗan Auta: To Anti, ya batun Fabrairu 2024, da Musk ya ce an sake tsarin Roadster za ta yi mil 60 cikin ƙasa da sakan ɗaya? Tun 2018 ya ce za a sa mata ƙananan bututun tunkuɗa irin na SpaceX, kamfaninsa na roka, masu fesa matsattsiyar iska. Mutumin da yake dawo da roka ta sauka a tsaye, wannan zai gagare shi?

Anti Malama: Ɗana, a nan ba wuta ce matsala ba, taya ce. Mil 60 a awa mita 27 ne a sakan. Ka kai haka cikin sakan ɗaya, jikinka zai manne da kujera da ƙarfin da ya kusa ninka nauyinka uku. Tayar titi ba ta iya riƙe kwalta haka, sai dai ta yi ta juyawa a wuri ɗaya tana hayaƙi. An taɓa yi, ban ce ba a yi ba. Ɗaliban jami'a a Suwizalan sun kai kilomita 100 cikin sakan 0.956 a Satumba 2023. Amma motarsu kilo 140 ce, kujera ɗaya, da fanka a ƙarƙashi tana tsotse ta da ƙasa. Motar McMurtry ta Ingila ma da fanka take manne ƙasa, ita ma kujera ɗaya. Bututun iskar zai iya tura mota ba tare da taya ba, wannan gaskiya ne. Sai dai tankin iskar yana son wuri, yana da nauyi, kuma famfon da zai cika shi daga batirin nan zai sha. An ce ma a gurbin kujerun baya za a sa shi. Ka ga motar mutum huɗu ta koma ta biyu, kilomita 1,000 kuma ta sake ja baya.

Oga Bakanike: Ni ina tunanin wanda ke tsaye a bayanta lokacin da iskar za ta fita. Tsakuwa ɗaya ta ishi idon mutum. Wace hukuma za ta bari a hau titi da wannan?

Ɗan Auta: Na karɓi maganar ƙasa da sakan ɗaya, wannan na sauka. Amma 1,000 ɗin ban sauka ba. Batir na 2017 ba shi ne na yau ba, kuma Lucid ta nuna ana iya wuce kilomita 800 da batirin da bai kai 120 ba. In Tesla suka yi wa Roadster jiki mai santsi, da batir 150 ma za su iya kusantarta.

Injiniya: Wannan magana ce mai ƙarfi, kuma ita ce hanyar da nake ganin za su bi in sun tashi. Sai dai ka lura ka canza motar. Wadda aka karɓi kuɗin mutane a kanta mai 200 ce. Ni hasashena, kuma hasashe ne, sakan 1.9 za ta yi shi cikin sauƙi tunda Plaid mai ƙofa huɗu ta kusa. Nisa kuwa ina sa ran ya sauka ƙasa da 1,000, ko kuma a cika shi a kan wani samfuri daban mai siraran tayoyi wanda ba shi ne mai gudun ba. Ranar da ta fito abu biyu zan fara nema: nauyinta a sikeli, da nisan da wani wanda ba ma'aikacin kamfanin ba zai yi da ita a gudun 110 da AC a kunne.

Alhaji Dillali: Ni kuma ranar zan tambaya ko dala 200,000 ɗin tana nan.

Ɗan Auta: In ta yi 900 a gwajin da Injiniya ya faɗa, Oga, ka yarda na ci?

Oga Bakanike: In ta yi 900 da tayoyin da ta yi sakan 1.9 da su, ba a canza ko ɗaya ba, na yarda. Ka zo gareji da safe, akwai batirin wata haibirid da muka sauke jiya, ina so ka kama gefe ɗaya mu ɗaga tare.