Ƙanina ya yi haɗari, hannunmu ya fara ƙarewa

Babbar Yaya: Assalamu alaikum 'yan zaure. Yau kwana 11 da mota ta buge ƙanina a kan babur, ƙashin cinyarsa ya karye. An yi tiyata an sa ƙarfe, alhamdu lillahi an samu nasara. Damuwata yanzu aljihu. Abin da dangi suka haɗa a satin farko duk ya tafi a kuɗin aiki da jini da hoton ƙashi. Yana da mata da yara uku, kuma shi kaɗai ke nema. Wasu sun ce a sayar da keken ɗinkinsa. Ku ba ni shawara don Allah.

Tsohon Direba: Wa alaikumus salam. Allah ya ba shi lafiya, ya sa kaffara ne. 'Yata, kada ku taɓa keken nan. Lokacin da na yi nawa haɗarin, motar da nake ci da ita muka sayar a gaggauce, mai saye ya ga muna cikin matsi ya karya mata daraja. Na warke na tashi ba abin yi, sai da na shekara biyu ina tuƙa ta wani. In dole sai an sayar da wani abu, a fara da wanda ba ya kawo ko kwabo.

Malamar Jinya: Sannu Yaya. Abin da nake gani kullum a wurin aiki shi ne, jama'a na cika ɗaki a satin farko, kowa da abin hannunsa, ranar sallama kuma sai ka nemi mutane ka rasa. Alhali karayar cinya kan ɗauki wata uku zuwa shida kafin ƙashi ya haɗe sosai. A cikin watannin nan akwai wankin ciwo, komawa ganin likita, sabon hoto, gashin ƙashi, sandar dogarawa, ga kuɗin motar kai shi da dawo da shi. Ga kuma cefanen gida da kuɗin makarantar yara, waɗanda ba su san an yi haɗari ba. Saboda haka ki daina roƙon a haɗa kuɗi dunƙule guda. Ki nemi mutum biyar ko shida, kowa ya ɗauki abu ɗaya duk wata har wata shida. Wannan magani, wancan makaranta, wani kuma mota. Mutum ya fi jure kaɗan-kaɗan.

Babbar Yaya: Wallahi ban yi wannan lissafin ba, Anti. Ni duk tunanina ranar sallama ce ƙarshen wahala.

Malamar Jinya: Ranar ce farkonta a wajen aljihu. Abu biyu kuma kafin ku fita. Ki je wajen masu karɓar kuɗi ki ce a ba ki takardar da aka rubuta komai dalla-dalla, ki zauna ki bi ta layi-layi, don akan yi kuskure a rubuta abu sau biyu. Sannan ki tambaya ko asibitin na da ofishin jin ƙai na marasa ƙarfi. Asibitoci da yawa suna da shi, wasu kan yi ragi, wasu su yarda a biya kashi-kashi, amma sai wanda ya tambaya.

Mai Kemis: Ƙari a kan na Anti. Ki roƙi likita ya rubuta ainihin sunan maganin, ba sunan kamfani ba. Misali Panadol suna ne na kasuwa, abin da ke ciki paracetamol ne, kuma akwai kamfanoni da yawa masu yin sa da sauƙin kuɗi. Sai dai a saya a kanti mai rajista. Kuma kada a rage ko a tsallake abin da aka rubuta don a yi tsimi, ciwo ya ruɓe a koma tiyata ta biyu, an yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Autan Gida: Ni dai a ganina a ɗauki hotonsa a sa a Facebook da lambar asusu. Na ga an tara wa mutane da yawa haka. Ko a buɗe masa GoFundMe, wato shafin intanet na tara gudummawa.

Malam Akawu: Auta, a bi a hankali. GoFundMe ba a kowace ƙasa ake iya buɗe shi a cire kuɗi ba, sai an duba tukuna. Hoto kuwa, an tambayi mai ciwon? Magidanci ne, wataƙila ba ya so duniya ta gan shi a kwance. In ya yarda, a rufe lambar katinsa da sauran bayanansa a jikin takardun, domin 'yan damfara na kwashe irin hotunan nan su canja lambar asusu.

Autan Gida: Malam, kunya ba ta biyan kuɗin asibiti.

Malam Akawu: Gaskiya ne, shi ya sa na ce a tambaye shi, ban ce a fasa ba. Hajiya, abin da na fi so ki riƙe shi ne littafi. Mutum ɗaya ya riƙe kuɗi, wani dabam ya riƙe rubutu: wa ya bayar, nawa, kyauta ce ko rance, me aka saya, ina rasit. A gidanmu da mahaifiyarmu ta kwanta ba mu yi haka ba. Bayan wata takwas wani ɗan'uwa ya ce abin da ya bayar bashi ne, mu kuwa mun ɗauka gudummawa ce. Har yau gaisuwarmu sama-sama. Duk ƙarshen wata ki tura wa masu bayarwa lissafin, wanda ya ga inda kuɗinsa ya shiga ba ya jin nauyin ƙarawa. Kuma ki nisanci manhajojin ba da bashi na waya, ruwansu ya fi ciwon saurin girma.

Tsohon Direba: Na manta ban tambaya ba, wanda ya buge shi ya tsaya? In ya tsaya, a karɓi rahoton 'yan sanda da takardar likita, a duba inshorar motarsa. A ƙasashe da yawa doka ta tilasta wa mai mota yin inshorar da ke biyan wanda ya ji wa rauni, amma kamfani ba ya sauraron kowa sai da takarda, kuma ba a so a ja lokaci.

Malamar Jinya: Kuma Yaya ki cire wa kanki cewa kun gaza. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2023 mutum kusan miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya duk shekara, wasu miliyan 20 zuwa 50 kuma su ji rauni. A ma'aunin da ta yi amfani da shi, gidan da kuɗin magani ya cinye fiye da kashi 10 cikin 100 na abin da yake samu ko yake kashewa ya shiga matsi mai tsanani. Ku kun wuce nan tun daren farko. Matarsa fa, wa ke karɓarta jinya? Ita ma a duba ta.

Babbar Yaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, direban ya tsaya, shi ma ya kawo shi asibiti, amma ba mu karɓi wata takarda ba, gobe da safe zan tura mijina. Jinya ni da matarsa muke karɓa-karɓa. Keken kuma na yi magana da yaron shagonsa yanzu, ya ce zai ci gaba da karɓar ɗinki a raba abin da aka samu. Maganar hoto sai ya farka zan tambaye shi.

Mai Kemis: Ki turo min hoton takardar maganin ta akwatin sirri, in duba miki waɗanda ke da madadi kafin ki je wajen likitan.