Tambaya kan ɓerayen gwaji da bakteriyar hanji

Assalamu alaikum malamai. Daga ƙauyenmu kusa da Ringim nake tsara binciken digiri na biyu, kuma wani abu ya cije mini.

Ɓerayen da aka cire wa ƙwayar gado ta IL-10 (wadda ke samar da sinadarin da ke rage kumburi a jiki) suna kamuwa da kumburin hanji, amma in an raine su babu bakteriya sam, ciwon ba ya tasowa. Ina so in kwatanta bakteriyar hanjinsu da ta lafiyayyu ta gwajin 16S (wanda ke tantance ire-iren bakteriyar da ke cikin samfuri). To, ɓera yana cin kashin ɗan'uwansa, in na haɗa su keji ɗaya bakteriyar za ta gauraye. In na raba su kuma, yaya zan gane bambancin daga ƙwayar gadon yake, ba daga kejin ko uwar da ta shayar da su ba? Don Allah ku taimaka mini.